Sunan Yankan Aisi

Ɗana na fari ya rasu da kaka, bayan an gama yankan gero. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi, bai daɗe ba. Tun ranar da aka raɗa masa suna har ranar da muka kai shi makwancinsa ban taɓa kiran sunan nan da bakina ba. Haka na tarar ana yi a gidanmu a Sabon Birni, haka ubana ya yi mini, don ni ma ɗan fari ne. Uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya yabonsa gaban mutane, ba ya nuna ya damu da shi. In ina nemansa sai in ce "kai", in kuwa maganarsa nake da wani sai in ce "yaron nan". Uwarsa ma haka take yi. Ban taɓa jin wannan ya yi mini nauyi ba, sai da ya fara zuwa garin Isa koyon gyara.

Maigidan aikinsa mutumin Isa ne, sa'ana ko ya ɗan girme ni. Da rediyo ya fara, daga baya ya koma gyaran inbata da kayan sola. Mutum ne mai murya da dariya, ba ya ɓoye abin da ke ransa. Wata ranar kasuwa na kai albasa Isa, na biya ta layin masu gyara ba tare da na yi niyyar tsayawa ba. Sai na ji an ƙwala sunan yaron nan da ƙarfi, cikakken sunansa, yadda liman ya faɗe shi ranar suna. Na ji muryarsa daga cikin shago ya amsa, "Na'am, Baba." Na tsaya bayan wata rumfa. Na ga mutumin ya dafa kafaɗarsa yana nuna wa wani aikin da ya yi, yana cewa duk Isa babu hannu irin wannan. Ban ƙarasa ba. Na koma wurin albasata, ranar kuma ban yi ciniki mai kyau ba, don duk wanda ya taya sai in sallama.

Daga baya yaron ya tafi kwalejin fasaha a Sakkwato, da ya gama kuma ya koma shagon nan na Isa. Can ya haɗa akwatin da ke tafiyar da famfon sola na garkata, a fadama kusa da gulbi. Ranar da ya zo ɗaura shi na tsuguna gefe ina gyaran ƙotar fartanya, ina kallonsa ta wutsiyar ido. Shi ne ya kira ni.

"Baba, taho ka gani."

Cikin akwatin akwai wani koren allo kamar tafin hannu, a tsakiyarsa wani ɗan baƙin abu mai kusurwa huɗu, bai fi farcen babban yatsa ba.

Ya ce, "Wanga shi ne kan aikin duka. Masu gyara na ce mai aisi, amma ba irin na rediyo ba ne. Na rediyo, aikin da anka yi shi da shi, shi kaɗai ya sani har shi mutu. Wanga ko, kai ka koya mai. Yau na koya mai kula da famfo, gobe in na so in goge in ba shi wani aiki."

Na ga wani ɗan farin rubutu a samansa, na tambaya ko sunansa ke nan. Ya yi dariya, ya nuna kumatuna.

"Wannan kamar zanen fuskarka ne, Baba. Duk 'yan gidansu haka suke, in ka ga ɗaya ka ga dubu. Amma can ciki kowane na da lamba tai shi kaɗai, tun daga inda anka ƙera shi. Ba ta gogewa, ba a canza ta, babu biyu masu iri ɗaya. Ni sunan yanka nike ce mata. Kuma ba ya faɗin ta sai an tambaye shi yadda ya kamata."

Ya ce ya ɗaure aikin da ya rubuta da wannan suna, don kada wani ya kwafe ya cika akwatuna ya kai Maraɗi. Kullum da safe in rana ta taɓa farantan sola, aikin zai tambayi aisin sunansa. In ya ji sunan da ya sani, ruwa ya taso. In ya ji wani, sai ya yi shiru.

Abin ya burge ni ƙwarai. Abin da na ce masa shi ne, "Ka rufe shi da kyau kada ƙasa ta shiga." Ya ce to.

Da ya rasu, maigidan aikinsa ya zo tun kafin a yi sallah, ya kuma zauna da mu har aka tashi zaman makoki. Ya yi kuka a fili, irin kukan da ni ba a yarda in yi ba. Masu ta'aziyya in sun gaishe ni sai su juya su gaishe shi, wasu ma sun fi daɗewa a gabansa. Kowa ya zauna sai ya ba shi labari. Labarin da ya fi maimaitawa shi ne na aisi na farko. Ya ce shi ya aika Kano aka sayo wa yaron, ya ce a kan bencinsa aka fara tambayarsa sunansa, ranar da ya amsa kuwa su biyu suka yi ta tsalle kamar yara har maƙwabta suka leƙo. Kullum da abu ɗaya yake rufe labarin.

"Ɗan farin aikinai na shagona. Shi ka riƙe min wuta har yau."

Ina zaune a kan tabarma, fuskata a bushe, ina amsa "amin". Na fahimci cewa nawa akwatin na baya ne, wanda aka yi da hannu ya riga ya saba, kamar yadda ake yi wa kowane mai saye. Kwamfutar yaron ma tana can Isa. Ba wanda ya kawo ta, ni kuma ban tambaya ba.

Da rani ya kama, bayan na dasa albasa, famfon ya tsaya. Rana ta fito, faranti ya yi zafi, akwatin ya yi shiru. Na goge faranti, na duba wayoyi, na buɗe akwatin na hura shi. Babu. Na karɓi aron injin fetur wurin maƙwabcin garkata, ranar da yake buƙatarsa kuma in ja ruwa da guga in ba fangalin albasar da na iya. Ganyen ya fara kwantawa daga bakin gona.

Uwar yaron ba mai yawan magana ba ce, amma wata safiya ta ajiye mini koko ta tsaya.

"Ka kai shi Isa mana."

Na ce za ni duba.

"Tun yaushe kake dubawa? Kai da mutumin nan mi ya haɗa ku, da albasa za ta biya?"

Na ce babu abin da ya haɗa mu. Ta ce ta sani, shi ya sa ta tambaya.

Na kwance akwatin, na naɗe shi cikin tsohon rawani, na hau kabu-kabu na ɗora shi a cinya. Duk hanya hannuna yana kansa. Mai babur ya tambaya ko ƙwai na ɗauko.

Na tarar da mutumin yana shan fura a ƙofar shago. Da ya gan ni ya miƙe har furar ta zube masa a riga.

"Malam! Kai ne yau? Maraba, maraba. Ya ƙarin haƙuri?"

"Haƙuri sai godiya, Malam. Ya namu duka?"

Ban san inda "namu duka" ta fito ba. Ladabi ne ya faɗe ta, ba ni ba.

Ya jawo mini wata kujera ta ƙarfe mai gajerun ƙafafu. Sai da na zauna na lura an naɗe ƙafarta ɗaya da wayar tagulla, irin naɗin da yaron ke yi wa duk abin da ya karye a gidanmu. Kujerarsa ce. A bango, sama da bencin aiki, ga akwati irin nawa sak, an yi masa 'yar rumfa da kwali an lulluɓe shi da ƙyalle mai tsabta. Nawa ya sha rana da ƙasa har fentinsa ya koɗe.

Ya buɗe nawa, ya yi ta taɓa wurare da tsinken mita. Can ya nuna mini wani ƙaramin baƙin abu mai ƙafafu kamar kaska, kusa da babban.

"Ga mai laifin. Babban nan mantuwa gare shi, da wuta ta ɗauke ya mance komi. Wanga ƙaramin shi ka riƙe aikin, shi ka tuna mai kullum da safe. To, shi ya mutu. Ina da irinai, sai in canza in zuba mai aikin daga kwamfuta."

Na ce to ai da sauƙi.

"Da sauƙi in babban na da rai. Kowane akwati da nashi aikin, ɗaure da sunan aisin da ke ciki. Sai mun tambaye shi sunanai in san wanda za ni zuba. In ya amsa, alhamdu lillahi. In bai amsa ba, Malam, ni ban iya rubuta sabo. Wannan ilimin ya tafi da mai shi."

Ya ɗauko kwamfutar daga aljihun benci, cikin jakarta da na sani, wadda uwar yaron ta ɗinke wa hannu. Ya buɗe ta, yatsunsa suka buga kalmar sirri ba tare da ya duba ba. Na kau da kai na dubi titi.

Ya ce, "A nan wurin ni ne yaron shago, shi ne maigida. Sai da ya yi ta yi min faɗa kafin in iya. Shi ce, Baba, ja na hagu, ja na hagu, sau nawa za ni faɗa maka?"

Ni bai taɓa yi mini faɗa ba. Ko murya bai taɓa ɗagawa a gabana ba. Da can ina lissafa wannan cikin abin da na yi dace da shi.

Ya ba allon wuta daga batir, ya ɗauko wata 'yar faffaɗar igiya mai jan layi a gefe ɗaya, ya soka bakinta ɗaya a wasu ƙananan tsinkaye da ke gefen allon, ɗaya bakin a kwamfuta. Ya danna. Muka jira. Wani jan rubutu ya fito. Ya yi tsaki, ya zare igiyar, ya duba, ya yi dariya kaɗan.

"Ja na hagu," in ji shi, ya juya ta.

Ya sake dannawa. Wannan karon wani dogon layi ya fito a fuskar kwamfutar, lambobi gauraye da haruffa.

"Ya amsa! Shina da rai!" Ya shafa aljihu, ya duba kan benci, ya ɗaga takardu. "Tabarauna na gida. Malam, ai ka yi boko, karanto min sannu-sannu, ni in nemo nashi cikin waɗanga ayyukan, su manyan rubutu ne."

Karatuna bai wuce firamare ba, amma lamba da harafi ba su gagare ni. Na matso da kujerar, na sa yatsa ƙarƙashin layin, na fara. Sifili. Huɗu. Si. Tara. Yana bin wani wuri da ido yana gyaɗa kai. Da na wuce tsakiya sai na ga ya daina gyaɗawa. Na ci gaba. Kafin in kai ƙarshe muryarsa ta shigo cikin tawa, ƙasa-ƙasa, ba ya kuma kallon kwamfutar.

"Bakwai, bi, bi, biyu."

Na duba. Haka ne a rubuce. Bakwai, bi, bi, biyu.

Ya ce, "Sake karantawa."

Na sake. Ya hau kan benci da gwiwa, ya yaye ƙyallen, ya kashe wutar shagon, ya sauko da akwatinsa. Fanka ta tsaya, zafi ya rufe mu. Ya buɗe shi kusa da nawa. Na dubi aisin biyu, farin rubutun samansu iri ɗaya ne, harafi da harafi. Ya mai da igiyar kan nasa, ya danna, ya ce in karanta. Na karanta. Farkon ya yi kama da na farko, daga tsakiya ya rabu, ƙarshen kuwa ko kusa.

Ya zauna a ƙasa, a kan simintin shagon, ya jingina da ƙafar benci.

"Ya musanya," in ji shi. "Ja'irin yaro, ya musanya. Lokacin da shika haɗa naka ya sauke nawa, ya ce min ƙura za shi share. Ya ɗauke allon duka ya sa min wani. Ni ko ina ta lulluɓa ƙyalle."

Sai ya kira sunan yaron, ya sake kira, yana dariya hawaye na zuba cikin gemunsa. "Ni na sayo, a bencina ya fara magana, kai ya kai ma. Ka ga ɗan banza?"

Ban san yadda zan rubuta abin da na ji ba tare da ya yi muni ba. Daɗi na ji. Ya sauko mini tun daga wuya har ciki kamar ruwan randa. Mutum yana kuka a gabana, ni kuwa ina riƙe fuskata kada ta nuna. Duk labarin da ya yi ta bayarwa a ƙofar gidana, ashe abin yana can garkata cikin rana, yana ba albasata ruwa.

Daɗin bai daɗe shi kaɗai ba. Na tuna yadda ya ƙarasa lambar ba tare da ya duba ba. Abin yana hannuna tun bara, ban san shi ba, ba kuma zan taɓa sani ba da ban kawo shi nan ba. Ni sai da yatsa da fuskar kwamfuta. Shi a ka yake ɗauke da sunan, kamar yadda ya ɗauki na yaron.

Ya share fuska da hannun riga, ya tashi, ya kunna ƙarfen dalma daga batir. Yana jiran ya yi zafi, bai dube ni ba ya yi magana.

"Malam, in roƙe ka wani abu."

Na ce ina jin sa.

"Ka bar min wanga, ka tafi da nawa. Allon iri ɗaya ne, aikin famfo da yaron ya fara ɗaure mai na nan cikin kwamfuta, zubawa kawai za ni yi. Ruwa ɗaya za su ba ka. Albasa ba ta san bambanci ba. Ni ko a nan anka haife shi."

Gaskiya ya faɗa, albasa ba za ta sani ba. Kuma a al'adarmu in babba ya roƙe ka abu irin wannan, a shagonsa, yana shirin yi maka aiki, kunya takan sa ka ce ɗauka. Duk rayuwata da kunya na yi mu'amala da abin da ya shafi yaron nan. Na ji bakina yana shirin faɗin abin da ya saba.

Na ce, "A'a."

Ya ɗago.

"Ɗana ne ya kawo min shi. Inda ya aje shi, nan za shi koma."

Ban taɓa cewa "ɗana" a gaban wani ba sai ranar. Kalmar ta fito da kaushi, kamar ba tawa ba. Wani mai sayar da batir a shagon gefe ya leƙo ya koma.

Mutumin ya daɗe yana kallona. Sannan ya gyaɗa kai, ya jawo allon gabansa. Ya cire ƙaramin da ya mutu, ya sa sabo. Ya mai da igiyar, ya zuba aikin. Wata 'yar koriyar fitila da na saba gani da safe ta kama. Ya rufe akwatin, ya ɗaure kusoshinsa ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki ƙyallen nan mai tsabta ya goge murfin. Na zaci zai mai da ƙyallen kan nasa. Sai ya naɗe nawa da shi, ya ɗora rawanina a sama.

"Ka yi mai rumfa," in ji shi. "Rana na cin shi."

Na yi maganar ladan aiki, ya ce in na sake zai ɓata da ni. A bakin ƙofa na tsaya. Na ce ya maimaita mini ƙarshen lambar. Ya faɗa, na faɗa, ya gyara mini wuri ɗaya, na sake. Bai tambayi dalili ba. Kwamfutar na bar masa ita, don ni ba ta amsa mini.

Washegari da rana ta taɓa faranti ruwa ya taso. Fangalin bakin gona ya riga ya tafi, sauran sun farfaɗo. Na yi wa akwatin rumfa da karan dawa.

Da aka fara cirar albasa ya zo Sabon Birni, ba tare da ya aiko ba. Na hango shi daga nesa yana tambayar hanya, na bar shi ya iso da kansa. Muka gaisa. Ya wuce wurin rumfar, ya tsuguna, ya ɗaga ƙyallen, ya sa tafin hannu a kan murfin. Na ji ya kira sunan yaron a hankali, cikakke, yadda ya saba. Ina tsaye da kwando a bayansa, na ji kishin nan ya motsa a inda yake kwance, bai ragu ba ko kaɗan. Na cika masa buhu, na ɗaure masa a bayan babur, na ce ya gaida gida.

Har yau ban kira sunan ba. Na gwada sau ɗaya ni kaɗai a garka, harshena ya ƙi. Amma da safe in na zo buɗe ruwa, kafin koriyar fitilar ta kama, nakan tsuguna gaban rumfar in ce bakwai, bi, bi, biyu. Sai in jira.